Dayatom ɗina na mutuwa a kwalba, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Ɗalibar kimiyyar teku, daga Malesiya:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina renon dayatom, wato ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, nau'in Chaetoceros a ruwan tekun da na tace. Kwanakin farko ruwan kan yi kalar shayi, gwanin sha'awa. Daga nan sai ya dusashe, koren gansakuka ya mamaye kwalbar. Na ƙara nitrojin da fosforas, abin sai ƙara lalacewa yake. Karo na uku ke nan, raina ya fara ɓaci. Don Allah a taimaka min.

Tsohon ma'aikacin ƙyanƙyasar jatan lande:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, silika fa? Shi dayatom kwansonsa na gilashi ne da yake ginawa da silika, kamar akushi da murfinsa, kuma duk sa'ad da zai rabu biyu sai kowanne ya gina sabon ɓari. In babu silika, ya tsaya ke nan. Mu ma ta taɓa faruwa da mu. Silika ya ƙare a sito, muka ce bari mu lallaɓa da takin da ya rage. Mako bai cika ba tankunan suka koma kore. Na ɗiga ɗigo ɗaya a madubin ganin ƙananan halittu, sai na ga sarƙoƙin nan masu dogon gashi duk sun kakkarye. 'Ya'yan jatan landen da ke cin su muka yi ta kwashe gawarsu daga gindin tanki. Har yau ina jin zafin wannan asarar.

Malamin jami'a:
Gaskiya Malam ya faɗa. Binciken da Alfred Redfield ya fara a 1934 ya nuna ƙananan tsirran teku na ɗaukar nitrojin 16 a kan fosforas 1. A 1985 Brzezinski ya nuna dayatom na buƙatar silika kusan daidai da nitrojin. To amma a haɗin takin renon tsirran teku mai suna f/2 na Guillard da yawancinmu ke amfani da shi, nitrojin ya ninka silika kusan sau 8, don haka silika ke fara ƙarewa. Ni ninka shi nake yi. Takin da kika ƙara, gansakukar kika ciyar. Haka ta faru a Baƙin Teku: bayan an datse kogin Danub a 1972, silikan da ke gangarowa ya ragu alhali takin gonaki na ta kwarara, tsirran da ba su da kwanso suka samu sarari.

Ɗan Injamena:
'Yar'uwa, ki duba sinadarin ƙarfe ma. Na taɓa mance shi, ruwan ya yi fari fat kamar mai ƙarancin jini. Abin da ke burge ni, ƙurar hunturun da na tashi ina shaƙa daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi take tasowa, kuma akasarinta kwanson dayatom ne na tsohon Tafkin Cadi. Iska ke kwasarta zuwa Tekun Atlantika ɗauke da ƙarfe da fosforas.

Ɗalibar kimiyyar teku:
Allah Ya saka muku da alheri. Na je na karanta rubutun jikin robar haɗin, ashe wanda babu silika ne a ciki, na sauran tsirrai. Shekaranjiya na zuba silika daban. Yau da safe kwalba biyu cikin uku sun fara komawa kalar shayi.