Zan sayi motar lantarki ta hannu: waɗanda suka riga ni, me kuka gani?

Mai Niyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu motar lantarki ta hannu, shekararta 7, ta yi tafiyar kilomita 90,000 da 'yan kai. Jikinta tas, na tuƙa ta ban ji ƙara ko jijjiga ba. Abin da ya hana ni biya shi ne ban san inda zan duba ba. Da ta fetur ce, da na zaro sandar baƙin mai na ga kalarsa, na saurari inji, na leƙa hayaƙin salansa. Wannan kuwa duk babu su. Dillali ya ce batir lafiya lau, amma maganarsa kaɗai ba ta ishe ni ba. Don Allah duk wanda ya taɓa saye ya ba ni labarin abin da ya same shi, mai daɗi da marar daɗi. Abin da mutum ya gani da idonsa nake nema, ba ji-ta-ji-ta ba.

Direban Haya:
Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka yarda da lambar kilomitar da ke allon gaban direba. A nan aka ci ni. Ranar da na je gani ta nuna za ta yi kilomita 200, na ji daɗi na biya. Da na hau babban titi da fasinja huɗu, na kunna esi, ko 140 ban kai ba na fara neman wurin caji. Daga baya na gane cewa lambar nan kintace ce kawai, kwamfutar motar tana lissafa ta ne bisa yadda aka tuƙa ta a kwanakin baya. Idan mai ita ya yi mako yana lallaɓa ta a cikin gari, lambar za ta hau.

Ga abin da zan yi da yanzu ne. In sa a cika ta, in rubuta kason batir da kilomita, in yi tafiya mai nisa da irin gudun da na saba, esi a kunne. In na dawo in ga kaso nawa ta sha a kilomita nawa. Wannan lissafin ba ya ƙarya. Mai motar da ya ƙi yarda a yi doguwar tafiyar gwaji, ni dai na haƙura da motarsa.

Amma gaskiya ɗaya ce, shekara uku ke nan ina neman abinci da ita, ban taɓa yin juye ba, babu fulogi, babu kuloci, ba a taɓa kwance mini injinta ba. Sai dai na rage ɗaukar masu nisa.

Makanike:
Malam Mai Niyya, aikina ne, don haka bari in ɗan tsawaita. Injin lantarki da kansa ba kasafai yake kawo mota gareji ba, abin da ke juyawa a cikinsa kaɗan ne. Babban kaso na darajar motar batir ne, shi za ka saya, sauran jikin bin sa yake yi.

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa da ake kira OBD. Ana soka ƙaramar na'ura a ciki, a haɗa ta da waya, sai ta nuna lafiyar batir, wato kaso nawa ya rage daga ƙarfinsa na ranar da ya fito daga kamfani. Masu Nissan Leaf suna amfani da manhajar LeafSpy. Ita Leaf ma tana da sanduna 12 a allonta masu nuna lafiyar batir, daban da masu nuna caji, kada ka haɗa su. Abin da mutane ba su sani ba shi ne sanda ta farko ba ta faɗuwa sai batir ya yi asarar wajen kashi 15 cikin 100, sauran kuma kowacce wajen kashi 6 ce. To ka ga mota tana iya nuna 12 cif alhali gobe za ta koma 11.

Ni kuma abin da na fi dubawa ba jimlar ba ce, bambancin da ke tsakanin ƙwayoyin batirin ne. Batirin mota ƙwayoyi ne masu yawa a jere. Idan ɗaya ta raunana, ita ce ke fara ƙarewa, kwamfuta kuma ta tsayar da duka saboda ita. Shi ya sa za ka ga mota tana kashi 30, ka taka ta a hawa, ta faɗo 10 nan take. Wannan ba ya fitowa idan batir a cike yake, sai an duba lokacin da caji ya yi ƙasa.

Sai ka tambayi yadda ake sanyaya batirin. Zafi ne babban abokin gabarsa. Leaf ta farko da ta fito a ƙarshen 2010 da batir mai kilowat-awa 24 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ke nan) ba ta da ruwan sanyaya batir, kuma tun a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka suka yi ta kukan saurin raguwar ƙarfinsa. Motoci irin su Tesla da Chevrolet Bolt ruwa ke zagaya batirinsu. Mota biyu sa'annin juna, wadda ta zauna a ƙasa mai zafi da wadda ta zauna a mai sanyi, ba ɗaya suke ba.

Uwar Biyu:
Ni tawa matsalar ba babban batir ba ce sam. Wata uku da saye, na fito da safe zan kai yara makaranta, mota ta ƙi buɗewa, allo baƙi ƙirin, alhali da daddare na cika ta. Hankalina ya tashi, na ɗauka shi ke nan babban ya mutu. Ashe akwai ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, shi ne ke tayar da kwamfuta ya ba babban izinin aiki. In ya mutu, ko babban a cike yake motar ba ta motsi. Kuma ba ya ba ka alama kamar ta fetur da za ka ji tana jan ƙafa wajen tashi. Aka canza shi, shekara biyu ke nan ban sake ganin komai ba. Ka duba shekarunsa, in ya tsufa ka canza tun ranar farko.

Wani abu kuma, mai janwe ya so ya ɗaure ta ya ja a kan tayoyinta, maigidana ya hana. Littafin motar ya ce a ɗora ta a kan babbar mota, domin tayoyin suna haɗe da injin.

Makanike:
Hajiya, maigida ya yi daidai, Allah Ya saka masa. Kuma ba ke kaɗai ba ce, ƙaramin batirin nan ya fi komai kawo mini kira da sassafe. Wani lokaci ma laifin ba nasa ba ne, na'urar da ke ba shi caji daga babban ce. A 2024 Hyundai da Kia sun yi wa motocinsu Ioniq 5 da EV6 kiranye, wato sun ce masu su su mayar da su a gyara, a kan wannan na'urar.

Tun da an zo maganar kiranye, Malam ka ɗauki lambar shasi, mai harufa da lambobi 17, ka bincika a wurin kamfanin. An yi wa Chevrolet Bolt kiranye a 2020 da 2021 saboda haɗarin gobarar batir, haka ma Hyundai Kona mai lantarki a 2021, kuma an sauya wa da yawa batir. Idan ka dace da wadda aka sauya wa, tsohuwar mota ce da batir mai ƙuruciya. Idan ba a kai ta ba, ka san abin da ke gabanka.

Baba Mai Ritaya:
Yaro, ni ba ni da ƙorafi. Tafiyata ba ta wuce cikin gari, a gida nake caji a hankali da daddare, ina tsayar da ita a kashi 80. Abu biyu kawai na kashe wa kuɗi. Taya, domin motar tana da nauyi kuma tana fizga da zarar ka taɓa ta. Sai birki, wanda ba cinyewa ya yi ba, tsatsa ya yi. Injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir, faifan birki sai ya yi kwanaki ba a matse shi sosai ba. Ka sa a cire taya a duba maka.

Ɗan Gwagwarmaya:
Kowa yana maganar abin da zai lalace, ba wanda ya ce wa zai gyara. Ni a nan na sha wuya. Tawa daga wata ƙasa aka shigo da ita. Da farko bakin cajinta bai dace da na wuraren caji da ke kusa da ni ba, don ba iri ɗaya ba ne a duniya: akwai CHAdeMO na Japan, akwai CCS wanda na Amurka daban na Turai daban, ga na China shi ma daban. Na shawo kan wannan da mahaɗi. Bayan wata takwas na'urar caji ta cikin motar ta ƙone. Wakilin kamfanin ya ce garantin bai bi ta ƙetare ba. Gareji uku suka ce ba sa taɓa irinta. Na huɗu ya karɓa, muka yi wata uku muna jiran kayan, mota tana ajiye ƙura na hawa kanta. Gyaran kansa yini ɗaya ya ɗauka.

Yaya, kafin ka biya, ka nemo mutumin da zai gyara ta, ka je garejinsa da ƙafarka, ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irin wannan samfurin da kuma inda yake samun kaya. Har yau in na tuna watannin nan raina ɓaci yake yi.

Makanike:
Ƙanena, na ji zafin da ka ji, amma waɗanda suka ƙi karɓa sun kyauta maka. Wayoyin babban batir masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta wajen bolt 400, wasu sababbi har 800. Wanda bai koya ba ya taɓa, ransa ne a bakinsa. Ko esi ba a kai wa kowa. Kwamfiresarta ta lantarki ce, tana da nata man na musamman wanda wuta ba ta bi, in aka zuba na motar fetur ana iya lalata ta, kuma a motoci da yawa esin nan ne ke taimakawa wajen sanyaya batir.

Ka kuma sa a ɗaga motar a duba cikinta, batirin a ƙasa yake shimfiɗe. Lotsewa ko tsagewa a murfinsa ba ƙaramin abu ba ne. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba laka da tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Bayan guguwar Ian a Florida a 2022 an ga motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga suna kamawa da wuta daga baya. Wadda ambaliya ta taɓa, ko kyauta ce ba na so.

Mai Niyya:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Yau na koma da wani mai na'ura. Lafiyar batir ta nuna kashi 79. Na yi gwajin Malam Direba, kilomita 60 a babban titi da esi, ta sha kashi 36. Ƙasanta ba lotsewa. Ƙaramin batir shekararsa 5. Oga Makanike, 79 ɗin nan a ɗauka ko a bari?

Makanike:
Ga shekara 7 ba laifi ba ne, in dai ƙwayoyin suna tafiya tare. Da lissafinka za ta ba ka wajen kilomita 165 daga cikawa zuwa ƙarewa, kai kuma ba za ka riƙa kai ta ƙarshe ba, ka ɗauka 130. In zirga-zirgarka ta yini ba ta kai rabin haka ba, ta ishe ka ko da ta ƙara raguwa. Yawancin kamfanoni garantin batirinsu shekara 8 ne ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga, kuma da yawansu sai ya sauka ƙasa da kashi 70 suke ɗaukar nauyi. Ka ga saura maka shekara ɗaya, kuma da wuya ka kai 70 a cikinta, don haka kada dillali ya ƙara maka kuɗi da sunan garanti. Ka nemi takarda daga kamfanin cewa yana bin sabon mai mota. Kun duba ƙwayoyin lokacin da caji ya yi ƙasa?

Mai Niyya:
A'a Oga, a kashi 64 muka duba. Na kira mai motar, ya yarda kada ya sa mata caji yau. Gobe in Allah Ya kai mu zan sauko da ita ƙasa da 20 mu sake sokawa, daga nan in wuce garejin da aka kwatanta mini in ga ko sun taɓa buɗe irinta.