Gajiyar bukukuwa ga miji da mata da suka manyanta: girki, barci da abincin da rai ke so

Maman Ummi:
Assalamu alaikum. Ina so mu haɗa abin da kowa ya sani a wuri guda. Miji da mata sun haura 60, bukukuwa sun zo, gida ya cika da 'ya'ya da jikoki da baƙi. Baƙi na watsewa sai ɗayansu ya kwanta, wani lokacin har asibiti. Ga rigimar abinci: shi yana son abin da ya saba ci tun yana saurayi, ita tana tsoron hawan jini da sukari. Masu jinya, masu girki, masu kula da iyaye, ku ba mu bayani dalla-dalla.

Nas Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam Maman Ummi. Sauyin lokaci ya fi yawan aiki kayar da dattijo. Jikin da ya saba karyawa ƙarfe 8 ya ci na rana ƙarfe 2, sai ga shi ana jiran baƙi har 4 ba a sa komai a ciki ba. Ga mai ciwon sukari da ke shan ƙwayar glibenclamide ko allurar insulin wannan haɗari ne babba, domin maganin yana ci gaba da sauke sukari ko an ci ko ba a ci ba. Za ku ga gumi mai sanyi, rawar hannu, faɗa ba dalili, ko magana ta rikice. Idan na'urar gwajin sukari ta nuna ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, a ba shi gram 15 na sukari, kimanin cokalin shayi 4 a ruwa, a jira minti 15 a sake gwadawa. In ya hau, ya ci abinci sosai. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a tafi asibiti.

Don haka su biyun su ci a lokacinsu, baƙi sun iso ko ba su iso ba. A jera magungunan mako a akwatin nan mai gida 7 kafin hidima ta fara, a ɗora shi inda jikoki ba za su kai ba. Maganin sa fitsari da safe ake sha, in an manta har yamma to barcin daren ya tafi. Ƙishirwa kuma tana raguwa da shekaru, mutum zai bushe bai sani ba. A ajiye musu ruwa kusa, kofi 6 zuwa 8 a yini, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda.

Mai Girkin Taro:
Ta ɓangaren kicin, kuskuren shi ne tara komai a rana ɗaya. Saura kwana 2 a niƙa kayan miya a soya, a zuba a robobi. Ana gobe a dafa nama da kaza. Ranar taro shinkafa da kayan lambu kawai suka rage. Abinci kala 2 masu kyau sun ishi kowane taro, kala 5 bayan uwar gida kawai suke karyawa.

Hajiya ta zauna a kujera mai jingina, ta yi yanka da ɗanɗana gishiri, yara su yi tsayuwa da wanke-wanke. Kada ita ko maigida su ɗaga tukunya cike daga wuta, a kwashe da ludayi ta yi rabi tukuna. Ana samun ƙuna da ciwon ƙugu daga nan.

Sai ragowa, wadda ita ce ke kwantar da dattawa bayan biki, domin su ake bar wa ita kuma ba sa son zubarwa. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, in ana zafi sosai awa 1. A raba shi a robobi marasa zurfi, domin babbar tukunya a firji tsakiyarta tana daɗewa da ɗumi. Firji ya kasance ƙasa da digiri 5, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, sauran a daskarar. A ɗumama abin da za a ci kaɗai, har tururi ya fito daga tsakiya, sau ɗaya. Shinkafa ta fi ha'inci: in ta kwana a waje wata ƙwayar cuta tana zuba guba a cikinta wadda ɗumamawa ba ta kashewa, ko da ba ta yi wari ba. In wuta ta ɗauke, firji a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kamar awa 48.

Maman Ummi:
Allah ya saka. To abincin da maigida ke so fa? A hana ko a bari?

Anti Mai Ilimin Abinci:
Yaya, ni ba na goyon bayan hanawa gaba ɗaya. Dattijon da aka raba da duk abin da yake so yana rage ci, ya rame, ƙafa ta yi rauni, wannan kuma wata cutar ce. Gyara ake yi.

Ɗanɗano da jin ƙamshi suna dushewa da shekaru, shi ya sa za ki ji yana cewa miya ba gishiri alhali kowa ya ji ta daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai gram 5 a yini, kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule, burodi da kifin gwangwani. A rage a hankali cikin makonni, harshe yana sabawa. A cike gurbin da albasa da aka soya ta yi ja, tafarnuwa, citta, da matsin lemon tsami bayan an sauke. Gishirin nan da ake sayarwa a matsayin na masu hawan jini potassium ne a ciki, mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin hawan jini irin lisinopril kada ya taɓa sai da izinin likita.

A faranti: rabi kayan lambu, kwata nama ko kifi ko wake, kwata shinkafa ko abin da yake so. Kayan zaƙi ɗan yanki bayan an ci abinci, ba a cikin yunwa ba. In soyayye ne abin sonsa, a ba shi da rana a ranar biki, kada a maimaita kwana 5 a jere.

Nama kuma sau da yawa ba son sa aka daina ba, haƙori ne ya gaza. A dafa a ƙaramar wuta har ya yi laushi, a yanka a gicciye ba bin zarensa ba, a haɗa da romo. Dattijo yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin gram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 gram 60 zuwa 72 a yini, ƙwai ɗaya kuwa gram 6 ne kawai. In yana yawan ƙwarewa ko tari a kan abinci, a kai shi a duba haɗiyarsa. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ba a hana shi ganye ba, amma kada ya ci tuli yau gobe babu, yawan ya tsaya daidai.

Baban Sadiq:
Anti ta yi bayani, zan ƙara abu ɗaya. Kada a tsare wa mutum faranti a gaban 'ya'yansa da surukai. Namiji ko mace, in aka ce "ajiye wannan" a bainar jama'a, zai ci ne don haushi ko ya tashi bai ci ba. Su biyun su yi maganar tun daren jiya: me za a ci, nawa, wa zai zuba. A kuma gaya wa yara kada su riƙa ƙara musu don nuna ƙauna.

Su yi wata alama tsakaninsu wadda ke nufin "na gaji". Ɗaya ya shiga ɗaki ya yi minti 20 zuwa 30 kafin ƙarfe 3 na rana, ɗayan ya riƙe baƙi, sannan a yi canji. A sa lokacin tashin baƙi tun wajen gayyata. Shayi da kofi a tsaya da su daga azahar, abincin dare ya riga kwanciya da awa 3 saboda ƙwannafi. Wanda kunnensa ya yi nauyi hayaniya tana gajiyar da shi fiye da aiki, a zaunar da shi a gefe, a kashe talabijin, a yi masa magana fuska da fuska. Idan ɗayansu yana da ciwon mantuwa, baƙi su shiga bibbiyu da safe, kowa ya faɗi sunansa, domin da yamma rikicewar ta fi tashi.

Nas Mai Ritaya:
Malam, na yarda da maganar faranti, amma banda mai ciwon gazawar zuciya ko ƙoda. Wannan ko kwana 2 na abinci mai gishiri suna iya tara masa ruwa. A auna shi kowace safiya, in ya ƙara kilo 2 cikin kwana 3, ko ƙafa ta kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai ya jingina, a kira likita ranar.

Faɗuwa ma tana yawa a gidan da ya cika: takalma a bakin ƙofa, wayar caja, kayan wasa, banɗaki a jiƙe. A bar fitila a hanyar banɗaki da dare. Bayan cin abinci mai nauyi jinin wasu yana sauka, su zauna minti ɗaya a bakin kujera kafin su miƙe.

Maman Ummi:
Yaya za a bambance gajiyar hidima da wadda take ciwo ce?

Nas Mai Ritaya:
Ta hidima tana sauka bayan barcin dare 2 zuwa 3 a kan lokaci, mutum yana ci yana hira. Wadda ba a jira da ita: nauyi a ƙirji, haki a ɗan motsi, gumi da tashin zuciya, baki ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, harshe ya yi nauyi. Mata da masu sukari bugun zuciya yana iya zuwa musu da kasala da haki kawai, ba ciwon ƙirji. Rikicewa ta farat ɗaya ko yawan barci a dattijo na iya zama cuta a jiki ko bushewa, ko da babu zazzaɓi. Abokin zama shi ya fi kowa sanin yadda ɗan uwansa yake, in ya ce "ba haka yake ba" a saurare shi.

Ciwon jiki bayan biki kuma kada a bi shi da ibuprofen ko diclofenac, suna hawar da jini, suna taɓa ƙoda, suna sa ciki zubar jini. Paracetamol ya fi sauƙi, a bi adadin da ke jikin kwali, kuma a duba ko maganin mura da ake sha yana ɗauke da shi don kada a ninka. In kasala ta wuce mako 2, ko ɗayansu ya daina ci ya daina magana bayan gida ya yi shiru, a je a gwada jini da sukari, a kuma gaya wa likita halin da ransa ke ciki.