Musayar waƙa kan fina-finan bana, daga Yamai har Tawa

Ɗan Bukoki:
Salamu alaikum ƴan fada. Mai kallo ne ni kawai, amma sababbin da suka fito bana sun ishe ni. Ku biyo ni da "ba".

Na sayi mega na jika guda,
Na zauna kallo cikin fada,
Fim ɗin bana sai yawan faɗa,
Labari bai kai ko'ina ba.

Mota da bene da gwal a wuya,
Alhaji na son ƙanwar amarya,
Kashi talatin ana ta ƙarya,
Ba a ɗaura auren nan ba.

In sun yi kuka, ido a bushe,
Janbaki bai goge ba ko da yaushe,
Da hoda ake suma har ƙarshe,
Ban ga zufa a goshi ba.

Hadiza Ƴar Adar:
Ƙanena, kai da ka ce ka gaji,
Wa ya ɗaure ka gaban Alhaji?
Kashi talatin ka gani ka ji,
Ba ka tsallake ko ɗaya ba.

An ce da kuran ya ɗauke da dare,
Kai ne da ƙafa har Lazare,
Neman caji, ido a zare,
Don ba ka ga ƙarshen shirin ba.

Mai Shayi Wadata:
Kai! Yaya Hadiza, Allah ya ƙara basira. A ba shi ruwa ya sha.

Malam Na Zongo:
Kafin a ci gaba. Ɗan Bukoki, ɗangon "janbaki" gaɓa 11 ne, na samansa 10. Baitin ya yi ɗingishi, ka gyara.

Ɗan Bukoki:
Malam, na ji, amma bari in fara da Yaya.

Yaya, ki ji ni, ki ƙara lura,
Akwai wanda aka yi can a Daura,
Dawaki, rawani, an tsara an gyara,
Wannan ban ce da shi komai ba.

Abin da ke cin raina ɗaya ne,
Mu ƴan Nijar ƴan kallo ne,
Mega namu, labari nasu ne,
Ban ga Katako a fim ba.

Fim ɗin Mai Martaba nake nufi a baitin farko, na 2024, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar. Wannan an yi aiki. Ni dai ina son ranar da zan ga mai turin baro na kasuwar Katako ta Yamai, da ɗan kabu-kabu yana ciniki da fasinja, a bakinsu Hausarmu ta nan gauraye da Zabarmanci.

Sani Lakwal:
Gafarta Malam, ba a auna waƙar Hausa da ƙirgen gaɓa kaɗai. Nauyi ake dubawa: gaɓa mai nauyi da marar nauyi, yadda malaman aruli suka koyar. Ƙirgen nan naka na lakwal ne, na waƙar Faransanci.

Malam Na Zongo:
Yaro, kafin a haife ka nake rera waƙa. Ko da nauyin ka auna, ɗangon ya karye.

Ɗan Damagaram:
Ku yi haƙuri, sai yanzu reso ya dawo. Ni ƙwar biyu na iya.

Kara-Kara ta shiga fim, duniya ta gani,
Kai kana Bukoki kana jiran wani.

Aisha Macky ta ɗauki samari masu ɗaga ƙarfe,
Da masu fasa-ƙwaurin mai, tun da sassafe.

Tun 2021 ya fito, sunansa Zinder, kan samarin unguwar Kara-Kara ta Damagaram. Babu hoda a ciki, ga zufar da kake nema.

Mai Shayi Wadata:
Baiti na biyun nan sai an hau mashin kafin a kai ƙarshensa, amma maganar gaskiya ce.

Hadiza Ƴar Adar:
Ka ji, ƙanena? To ga ƙari.

Tun 1966 kana ina?
Mustafa Alasan mutumin garina,
Ya zana kwaɗi da hannu, ƙanena,
Sun yi tafiya, ba da kwamfuta ba.

Kun bar nasu cikin ƙura,
Kuna ta Indiya mai fassara,
Jarumi na Mumbai da muryar Bahaushe yana ƙara,
Ba ku tambayi na gida ba.

Mai Shayi Wadata:
A'a Yaya, ɗazu na yaba miki, amma nan kin taɓa mu. Marigayi Mustafa Alasan, mai fim ɗin zanen kwaɗin nan, a N'Dunga aka haife shi, nan kusa da Yamai, daga baya ne ya zauna Tawa. Allah ya jiƙansa. Karɓi wannan, kan babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu:

Umaru Ganda ɗan Yamai ne,
1972 a Wagadugu shi ne,
Ya ɗau Dokin Yennenga, na farko ne,
Tawa ba ta kawo irinsa ba.

Malam Na Zongo:
Subhanallahi! Yaya za a rera 1972 cikin ɗango? Dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in da biyu, numfashi ya ƙare waƙa ba ta fara ba.

Mai Shayi Wadata:
Malam, da Yaya Hadiza ta sa 1966 ba ka ce uffan ba. Ko don kai ma Ba'adare ne?

Sani Lakwal:
Kuma ɗangonta na Mumbai ya fi na janbaki tsawo nesa ba kusa ba, ka yi shiru.

Hadiza Ƴar Adar:
Ku bar Malam. Wanda ya ji zafin baitina ya rama da baiti.

Ɗan Bukoki:
Ɗan Damagaram, a ina zan samu fim ɗin nan in kalla? Ko akwai mai shi a waya ya tura mini?

Malam Na Zongo:
Sani, ka naɗi muryarka kana rera ɗangon janbakin nan ka turo. In ya zauna daidai, shayin fada na ranar Juma'a a kaina.

Sani Lakwal:
Na yarda. Amma kai ma ka rera na Mumbai, da numfashi ɗaya.