Bishiyar dardar ta zubar da ganye, ta mutu ne?

Baban Hauwa, Ɗa'ifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da lambun wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a Hada kusa da Ɗa'ifa. Mai gidan ya kawo dashen wata bishiya da Larabawa ke kira dardar, Turawa kuma ash, muka dasa a bazara. Ganyenta kamar na darbejiya, sai dai bibbiyu yake fitowa, suna fuskantar juna a reshe. Da Disamba ta kama sai ganyen ya yi ɗorawa, yanzu ya kakkaɓe tas, sai sanduna tsirara. Na ƙara ruwa safe da yamma, shiru. Amana aka ba ni, hankalina a tashe yake. In tumɓuke ta ne?

Kawu mai lambu, Abha:
Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa ta, ɗana. Ɗan kankare ɓawon reshe da farce. In ka ga kore mai danshi a ciki, da ranta. Halinta ke nan, itacen ƙasar sanyi ce. Kamar yadda kuka take tuɓewa da rani a gida, ita da hunturu take yi, toho kuma sai wajen Maris.

Ruwan nan ka rage shi yau ɗin nan. Ba ta da ganyen da zai ja shi, saiwa ce kawai za ta jiƙe ta ruɓe. Tura yatsa cikin ƙasa, sai ka ji ta bushe sannan ka ba ta. Da zafi ne take son ta sha ta ƙoshi har ƙasa, ba yayyafi kullum ba. Yanzu da take barci ka datse rassan da ke gugar juna, ka bar kai ɗaya ya miƙe. Taki kuma sai toho ya kusa.

Maman Sadiƙ, Jidda:
Ku dai kun dace da tudu, Ɗa'ifa ta haura mita 1,500. Mu nan babu sanyin da zai sa ta huta, wahala kawai za ta sha. Darbejiya ce tamu, ga ta can cike da filin Arfa. Amma Malam, tazarar nawa ka bari tsakaninta da katanga ko tankin ruwa? Saiwarta sama-sama take bazuwa, tana ɗaga daɓe, ta bi bututu.

Baban Hauwa:
Na kankare, kore shar, alhamdu lillahi! Kawu, Allah ya saka da alheri. Hajiya, taku huɗu ne daga tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa.

Kawu mai lambu:
Ya yi kusa. Tun tana ƙarama, kuma tana barci, ka ciro ta da ƙasar gindinta ka kai ta kamar mita 10 daga tankin. In ruwan rijiya kake ba ta, ka lura da bakin ganye idan zafi ya zo. Ka ga ya ƙone, gishiri ne, sai ka riƙa kwarara mata ruwan daɗi jefi-jefi ya wanke ƙasar.