Ɓera ya warke, Baba fa?

Yaya Babba: Salamu alaikum. Kun ga bidiyon da na turo? An dasa wa ɓeraye ƙwayoyin asali na tayi (masu iya rikiɗa su zama wasu ƙwayoyin jiki) a ƙwaƙwalwa, suka rayu, suka zama jijiyoyi, ɓeraye suka miƙe garau. Wani a Kantin Kwari ya ce zai haɗa mu da asibitin waje. Ni dai a sayar da filin Rijiyar Zaki a kai Baba, a yi masa maganin makyarkyatar nan, cutar Parkinson. Ko shayi ba ya kaiwa baki sai rabi ya zube a riga.

Auta: Yaya, ka yi haƙuri, labarin ya tsufa. Tun 1979 masana a Lund ta ƙasar Suwidin suka dasa wa ɓeraye ƙwayoyin tayi masu samar da sinadarin dofamin, wanda ƙarancinsa ke kawo makyarkyatar Baba. Ɓerayen sun samu sauƙi, gaskiya ne. Amma mafi yawan ƙwayoyin mutuwa suke yi a kwanakin farko, kuma ɓeran da gangan aka lalata masa gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa da guba. Ba shekaru ya yi yana fama ba.

Yaya Babba: To ai kaɗan ɗin da suka rayu sun yi aiki!

Auta: Wasu kuma sun wuce gona da iri. A wani gwaji na Harvard a 2002, cikin ɓeraye 25 biyar ƙari ya fito musu, don ƙwayar da ba ta gama nuna ba tana iya ci gaba da hayayyafa babu birki. Da aka gwada ƙwayoyin tayi a mutane a Amurka, rahoton 2001 ya nuna wasu sun koma jikinsu na fizga ba tsayawa.

Kawu: Ni tambayata daban ce. Tayin wa?

Anti: Kawu, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 2003, ta halatta idan ɓari ne ya zo da kansa kuma iyaye suka yarda, ta haramta zubar da ciki da gangan don haka. Yanzu ma ana iya yin ƙwayoyin daga fatar babba ko jininsa, hikimar Yamanaka, wani masanin Japan, ta 2006. Auta, kai ma kada ka kashe wa Yaya gwiwa. A Kyoto ta Japan an dasa wa birai irinsu, har shekara biyu ba ƙari.

Auta: Haka ne, Anti. A 2025 ma an fitar da sakamakon mutum 7 a Kyoto da 12 a Amurka da Kanada, ba a ga ƙari ba. Sai dai matakin farko ne, ana duba ko da cutarwa. Shi na Kwarin wane asibiti ya ambata?

Yaya Babba: Bai faɗa ba tukuna. Ya ce sai an ba da kafin alƙalami.

Kawu: To fili yana nan. Ranar Talata ku kai shi wurin likitansa a Asibitin Malam, ku nuna masa bidiyon.

Yaya Babba: Zan kai shi, Kawu. Amma ban janye ba.