Wane yaro ya kamata a yi wa awon daskarewar jini kafin kaciya?

Ma'aikaciyar jinya, Tawa:
Assalamu alaikum. A sanyin bara an kawo mana yaro ɗan shekara bakwai wanda jini bai daina ɗiga ba kwana biyu bayan wanzami ya yi masa kaciya. Sai da aka ƙara masa jini a babban asibiti, daga baya aka tabbatar yana da hemofiliya, wato cutar da ke hana jini daskarewa da wuri. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, ga kuma sanyi ya sake ƙaratowa. Ba mu da halin auna kowa, iyayen ma ba su da kuɗin awon. Malamai, wa ya kamata mu ware?

Likitan yara, Yamai:
Wa alaikumus salam, malama. Cutar tana samun kusan namiji 1 cikin 5,000 da aka haifa, saboda haka auna kowa ɓarnar kuɗin talaka ne, kuma awon farko da baki ake yin sa. Ta tsatson uwa take bi, don haka uwar za ki zaunar, ki tambaye ta labarin kawunnan yaron da ƴaƴan ƴan'uwanta mata, ko akwai wanda jini ya tsinke masa wajen kaciya, cire belu ko cire haƙori. Sannan ki koma kan yaron kansa: ko cibiyarsa ta daɗe tana jini, ko wurin allura yana tara jini, ko gwiwa da idon sawu suna kumbura tun da ya fara rarrafe. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓatar da mu, domin amosanin jini ya yi yawa a ƙasarmu, har duk ciwon gaɓa muna jingina shi gare shi ba tare da awo ba. Wanda aka samu ɗaya daga cikin waɗannan, a dakatar da aska.

Ma'aikacin ɗakin awo, Yamai:
A nemi TCA da TP (awo biyu na lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare) da ƙidayar ƙwayoyin jini tare. In TCA kaɗai ya tsawaita, sai a auna sinadarin daskarewa na 8 da na 9. Jinin da aka ɗiba a kwalba mai shuɗin murfi ana son a auna shi cikin awa 4, Tawa zuwa Yamai kuwa ta wuce kilomita 500, saboda haka yaron za a turo, ba jininsa ba.

Ungozoma, Tawa:
Likita, a yi mini afuwa, tambayar dangi kaɗai ba ta wadatar ba, tunda kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar babu wanda ya taɓa yin ta a gidansu. Kuma kada a manta da mata. Yarinyar da al'adarta ke wuce kwana 7 da yawan jini tun farkon fara ta, ko matar da ta zubar da jini a haihuwa fiye da sau ɗaya alhali mahaifa ta tsuke, tana iya kasancewa da cutar von Willebrand, wata cutar rashin daskarewar jini wadda ke kama maza da mata. Kafin sakamako ya fito, a hana su asfirin.

Ma'aikaciyar jinya, Tawa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaron nan yana da ƙanne maza biyu da ba a yi wa kaciya ba, gobe zan je gidan in ga mahaifiyarsu, daga nan in nemi sarkin wanzaman garin.