Mene ne aikin 'yan tsiron nan huɗu na wutsiyar tsutsar sauro?

Ɗalibar Bayoloji:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. An nuna mana tsutsar sauron Aedes aegypti a ƙarƙashin maikiroskof, kuma kusa da duburarta akwai wasu 'yan tsiro guda huɗu masu taushi. Wasu abokan karatuna sun ce da su take numfashi, alhali kuwa muna ganin tana ɗaga bututunta saman ruwa don shaƙar iska. Don Allah mene ne aikinsu, kuma yaya tsarin ƙwayoyin halittarsu yake daga ciki?

Malamin Ilimin Ƙwari:
Wa alaikumus salam 'yata, kin lura da kyau. Masana ma sun daɗe suna ɗaukarsu gaɓoɓin numfashi, har masanin ƙwari Wigglesworth ya nuna a 1933 cewa rawarsu a numfashi ƙarama ce, sannan wani masani mai suna Koch ya tabbatar a 1938 cewa kuloraid, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da ke haɗuwa su zama gishiri (ɗayan shi ne sodiyam), suke tsotsa daga ruwa. Jinin tsutsar ya fi ruwan randa ko na tsohuwar taya gishiri nesa ba kusa ba, don haka ruwa yana ta kutsawa jikinta, tana ta fitsari, gishirinta yana ta zurarewa, dole ta nemi hanyar mayar da shi.

Bangon kowane tsiro shimfiɗa ɗaya ce tak, kuma ƙwayoyin sun narke da juna ba tare da katanga a tsakaninsu ba, an lulluɓe su da siririyar ɓawon fata. Abin da ya fi burge ni shi ne fatar ƙwayar ta ɓangaren ruwa, wadda maikiroskof na ilektron ya nuna ta ninku ninki bisa ninki kamar naɗin rawani, domin fili ya yawaita a ƙaramin wuri. A gindin ninkin nan mitokondiriya ne jibge, su ke samar da ƙarfin da ake bukata, tunda jan gishiri daga inda yake kaɗan zuwa inda yake da yawa aiki ne mai tsada. A wannan ɓangaren na ruwa akwai famfo, wato wani furotin a jikin fatar ƙwayar, da ke fitar da haidurojin don sodiyam ya samu shiga, a ɓangaren jini kuma famfon sodiyam da fotashiyam ne yake tura sodiyam ɗin cikin jini.

Mai Nazarin Rafuka:
Ina ƙara wa bayanin Malam cewa ba duk ƙwari ne suke da irin wannan tsiro ba. 'Ya'yan ƙwarin rukunin Ephemeroptera, waɗanda ke girma a cikin ruwa, suna da ƙwayoyin halitta masu tsotsar kuloraid a warwatse a jiki, kowace tana ƙarƙashin wani ɗan faifan fata mai ƙananan ramuka, 'ya'yan mazari kuwa a cikin duburarsu nasu suke. Idan aka jiƙa ƙwaron a ruwan naitiret na azurfa aka sa shi a haske, wuraren za su yi baƙi.

Ɗalibar Bayoloji:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. To Malam, shin tsiron yana canjawa idan gishirin ruwan ya canja?

Malamin Ilimin Ƙwari:
Yana canjawa sosai. Tsutsar da aka rena a ruwan da kusan babu gishiri tsironta yakan fi girma, wadda ta tashi a ruwa mai ɗan gishiri kuwa nata yakan ƙanƙance, ninkin fatar da mitokondiriya su ragu. Sauron da ke hayayyafa a ruwan gishiri na gaɓar teku, irin su Aedes taeniorhynchus, matsalarsu akasin haka ce, shi ya sa ɓangaren baya na duburar tsutsotsinsu ne yake fitar da gishirin da ya yi musu yawa.